Daga masussuka zuwa filin ƙwallo: sunayen duka a bakin Turawa

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini fassarar wani ɗan gajeren labari da ya yi, na tarar ya rubuta cewa yaron da ya fasa tagar maƙwabta ya koma gida “ya sami maɓoya mai kyau”. Da na duba Turancin sai na ga an rubuta “he got a good hiding”. Ba ganganci ɗalibin ya yi ba. Ya san “hide” ɓuya ce, ya san “good” mai kyau ne, sai ya bi abin da ya sani. Abin da ya kuɓuce masa shi ne akwai wata “hide” ɗin dabam mai nufin fatar dabba, wato ƙirgi. Yaron nan ba ɓuya ya yi ba, na jaki ya ci a hannun ubansa.

Tun daga ranar nake bin sawun waɗannan kalmomi. Turanci yana da kalmar “beat” fiye da shekara dubu, kuma ta ishi duk mai son faɗin abin da ya faru ƙarara. Amma a gida da makaranta da bakin titi ba ita aka fi ji ba. Sai ka ji “hiding”, “tanning”, “thrashing”, “leathering”, “belting”, “licking”, “pasting”, “drubbing”, da wasu barkatai. Mafi yawansu aro ne daga wata sana'a, kuma kusan kowace tana mai da wanda aka doka wani abu marar rai: hatsi, ko fata, ko riga mai ƙura, ko nama. Da zarar mutum ya koma fata a bakin mai magana, dukansa ya zama aiki. Aiki kuwa akwai wanda ya iya shi, akwai wanda bai iya ba. Shi ya sa Bature yake liƙa wa waɗannan kalmomi “good” ko “sound”, kamar mai yabon ɗinki. Wannan “mai kyau” ɗin da ya ruɗa ɗalibina shi ne zuciyar maganar.

Mu fara daga gona. “Thrash” da “thresh” asalinsu kalma ɗaya ce a tsohon Ingilishi, ma'anarta sussuka. Kafin zuwan inji, manomin Ingila yakan shimfiɗa dammunan alkama a ƙasan rumbu ya yini yana bugu da sanda biyu da aka haɗa da igiyar fata, har ƙwaya ta rabu da zangarniya. A hankali lafazin ya rabu gida biyu: “thresh” ta tsaya a kan hatsi, “thrash” ta koma kan mutum. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, don mu ma mukan ce an casa wane, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da turmi ya san abin da ake nufi.

Majema kuwa sun ba Turanci kalmomin duka da dama. “Tan” ita ce jima. Uba ya ce wa ɗansa “I'll tan your hide”, wato zan jeme maka ƙirgi. Daga nan “tanning” da “hiding” suka fito, “hiding” kuma ta zauna daram a Turancin Birtaniya tun farkon ƙarni na 19. “Leathering” da “belting” da “strapping” sun bi wata hanyar, su sunan abin dukan suka ɗauka: fata, bel, da maɗaurin fata. A gidan talakan Ingila bel ɗin uba shi ne bulalar da ta fi kusa da hannu, ba sai an fita nema ba. Ka ga fata ta hau fata kenan, ta sa a kan ta ɗan Adam, kuma harshen bai damu ya bambanta su ba.

Wanda yake son ganin yadda abin yake a ƙarni na 18 sai ya leƙa ƙamus ɗin da wani tsohon hafsan soja mai suna Francis Grose ya wallafa a Landan a 1785, inda ya tattara maganganun ɓarayi da 'yan tasha da sojoji da matuƙan jiragen ruwa, irin waɗanda malaman nahawu suke ƙyama. A ciki za ka tarar ana kiran kulki “oaken towel”, tawul ɗin katako, kuma a “goge mutum” da shi na nufin a lakaɗa masa duka. Idanu sunansu “daylights”, hasken rana, don haka a duhunta wa mutum hasken rana shi ne a rufe masa ido da naushi. Daga wannan ne aka sami maganar da har gobe ake ji a finafinai, “beat the living daylights out of him”, wadda mafi yawan masu faɗinta ba su san ido aka fara nufi ba. Turancin wancan zamani yana kuma cewa a kaɗe wa mutum ƙurar riga, alhali yana sanye da ita.

Duk waɗannan sukan ba mai karatu dariya, kuma don dariyar aka ƙirƙiro su. Sai ka iso wani wuri a bugun ƙamus ɗin na baya, inda aka fassara “oil of stirrup”, wato man “stirrup”. “Stirrup” a nan igiyar fata ce da baduku yake ɗaure takalmi da ita a gwiwarsa yana ɗinki. “Man” wannan igiya, in ji ƙamus ɗin, magani ne da baduku yake ba matarsa duk sa'ad da ta yi taurin kai. An rubuta shi cikin raha, a jere da sauran barkwanci, don a karanta a mashaya a ƙyalƙyale. Ni a nan dariyar ta ƙare mini. Matar nan ba ta da suna, ba ta da murya, ba a ma ce an doke ta ba. Magani aka ba ta. Duk wanda ya ɗauka kalmomin raha ba su da aiki sai ban dariya, ya dubi wannan: maƙwabcin da ya ji ihu cikin dare yana da kalmar da zai faɗa da safe wadda ba za ta tilasta masa yin komai ba.

Sai dai a yi hattara da tarihin da ake ƙaga wa kalmomi. Ya bazu ƙwarai, musamman daga shekarun 1970, cewa “rule of thumb” ta samo asali ne daga wata doka da ta yarje wa miji dukan matarsa da sandar da ba ta wuce kaurin babban yatsansa ba. Masu binciken asalin kalmomi sun duba ba su sami irin wannan doka a Ingila ba. Maganar tana nan tun ƙarni na 17 da ma'anar awon kintace, irin na kafinta da ya gwada da yatsa. Gaskiya ne a 1782 mai zanen barkwanci James Gillray ya zana wani alƙali, Francis Buller, yana tallar sanduna, saboda raɗe-raɗin cewa ya faɗi irin wannan magana. Amma raɗe-raɗi dabam, doka dabam. Dukan mata a Ingila gaskiya ne mai yalwar shaida, ba ya buƙatar a tallafe shi da tatsuniya.

Jiragen ruwan yaƙi su ne wata babbar makarantar waɗannan kalmomi. Bulalar sojan ruwan Birtaniya sunanta “cat o' nine tails”, kyanwa mai jela tara, saboda harsuna tara na igiya masu ƙulle-ƙulle da take da su, kuma sawunta a gadon baya kamar yagar farce. Yaran da ke aiki a jirgi kuwa akan kifa su a kan igwa a zane su, ana kiran wannan “sumbatar 'yar mai igwa”. Amurka ta haramta bulala a rundunarta ta ruwa a 1850. Birtaniya ta dakatar da ita a jiragenta a 1879, sojan ƙasa suka daina a 1881, kotuna kuma suka daina yanke hukuncin bulala a 1948. Kalmar “flog”, wato yi wa mutum bulala, ta fi bulalar tsawon rai. Ta bi Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka, har ta fi zama da gindinta a Turancin Najeriya da Gana, inda malami yake “flogging” ɗalibi, abin da ɗan Landan na yau zai ji kamar labarin jirgin ruwa na shekara ɗari biyu da suka wuce.

A makarantun Ingila siririyar sanda ce take aiki, kuma cikakken hukunci bulala shida ne a ɗuwawu. Sunansa “six of the best”, shida daga cikin mafiya kyau. Ka lura da wannan yabo da ya sake dawowa. A Sikotilan kuwa “tawse” ake amfani da ita, fata mai kauri da aka tsaga bakinta biyu ko uku, ana zuba ta a tafin hannu, kuma garin Lochgelly ya yi suna wajen ƙera ta har sunansa ya zama sunanta. Iyaye mata biyu 'yan Sikotilan ne suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, suka yi nasara a 1982. A 1986 majalisar dokokin Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a kan hana duka a makarantun gwamnati, hanin ya wuce da ƙuri'a 231 a kan 230. Ƙuri'a ɗaya tak. Makarantun kuɗi na Ingila da Wales sai a 1999 hanin ya kai gare su. Wannan ya nuna cewa dattawan Ingila da yawa da ke raye yau sun sha shidan nan, kuma da yawansu cikin murmushi suke ba da labarin. Ina ganin sunan yana da hannu a wannan murmushi. Yaron da aka koya masa cewa abin da ya same shi “mafi kyau” ne, ya fi sauƙin girma yana cewa ai bai yi masa illar komai ba.

Akwai kalma ɗaya da nake so musamman, don wataƙila 'yar gida ce ga duk wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure. “Drub”, wadda ta haifi “drubbing”, ta bayyana a Turanci a ƙarni na 17 a rubuce-rubucen matafiyan da suka je ƙasashen gabas. Cikin na farko akwai Thomas Herbert, wanda aka buga labarin tafiyarsa zuwa Farisa a 1634. Dukan tafin ƙafa da suka gani a can suke kira da ita. Saboda haka manyan ƙamusoshin Turanci suka karkata ga cewa daga “ɗaraba” ta Larabci aka ɗauko ta. In haka ne, to fi'ilin nan da Zaidu ya daɗe yana dukan Amru da shi a allon almajirai shi ne yau jaridun Landan suke sa wa a kanun labarin ƙwallo.

'Yan damben Ingila na farkon ƙarni na 19, lokacin da ake yi ba safar hannu, su ma sun zuba nasu. Faɗa “mill” ne, wato niƙa. Dunƙulallen hannu “bunch of fives”, damin biyar. Jini kuma “claret”, sunan jar giyar inabi ta Faransa, don haka a fasa wa mutum hanci shi ne a buɗe masa tulun giya. Amurkawa daga baya suka kai abin kicin, suka ce za su ciyar da mutum “knuckle sandwich”, burodi mai haɗin gaɓoɓin yatsu.

A Amurkar ne kuma ake da kalmar da ta fi kowace nauyin tarihi, wato “whupping” ko “whooping”, lafazin mutanen kudu na “whipping”, dukan bulala. Kudancin Amurka ƙasar gonakin auduga ce da bayi, kuma bulala ce take tafiyar da gonakin. Hoton nan na 1863 da aka ɗauka a Luwiziyana, na wani bawa da ya gudo ya juya wa kyamara gadon bayansa cike da tabon bulala kamar kunyoyin gona, yana cikin abubuwan da suka girgiza mutanen arewacin ƙasar a lokacin yaƙin basasa. Yau “whupping” kalmar gida ce a bakin baƙaƙe da fararen kudu, kalmar kaka da jika, har akan tura yaro ya karyo tsumagiyar da za a zane shi da ita. Muhammad Ali ya sha yi wa abokan karawarsa alkawarin zai “whup” ɗinsu, duniya tana dariya. Amma a 2014, da aka gurfanar da shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka Adrian Peterson saboda raunukan da tsumagiya ta yi wa ɗansa ɗan shekara 4, muhawara ta ɓarke a tsakanin baƙaƙen Amurka kansu. Wasu suka ce da wannan aka tarbiyyantar da su, kuma shi ya tsare su a ƙasar da kuskuren yaro baƙi kan iya jawo masa harsashi. Wasu suka ce gadon gonar auduga ne aka shigo da shi ɗaki aka sa masa sunan ƙauna. Duk ɓangarorin biyu kalma ɗaya suke faɗi, abin da suke ji a cikinta ne ya bambanta. Kotun ƙolin ƙasar dai ta yanke tun 1977 cewa dukan ɗalibi a makaranta bai saɓa wa tsarin mulki ba, kuma har yanzu wasu jihohi, galibi na kudu, suna barin a yi shi da faffaɗan katako. Kowane bugu ɗaya sunansa “lick”, lasa.

Da doka ta riƙa karɓe bulala daga hannun kyaftin da alƙali da malami, kalmomin ba su mutu ba, ƙaura suka yi. Filin wasa da fagen siyasa suka karɓe su. Ranar 8 ga Yuli 2014 da Jamus ta ci Brazil 7 da 1 a Belo Horizonte, babu kalmar da jaridun Turanci ba su zaro ba: “thrashing”, “drubbing”, “hammering”, “mauling”. Masu ba da labarin wasanni da Hausa su ma abin da suke yi kenan in sun ce an lallasa ko an ragargaza. George Bush ƙarami ya kira kayen da jam'iyyarsa ta sha a zaɓen 2006 “thumping”. Bayan shekara huɗu, a Nuwamban 2010, da jam'iyyar Barack Obama ta rasa kujeru 63 a majalisar wakilai, ya fito gaban 'yan jarida ya ce ya sha “shellacking”. “Shellac” wani ƙaro ne da ƙwari suke fitarwa a itatuwan Indiya, ana shafa wa katako ya yi ƙyalli, da shi kuma ake yin faifan garmaho a da, kafin Amurkawa su mai da shi sunan mugun kaye. “Lambast” da jaridun Legas da Abuja ba sa gajiya da ita, wadda muke fassarawa da caccaka, asalinta tsofaffin kalmomin duka biyu ne aka haɗa, yau kuwa da baki kawai ake yinta. Hatta “bulaliyar majalisa” daga dawa ta fito: a farautar yanyawa ta masu kuɗin Ingila akwai mai riƙe bulala yana hana karnuka watsewa, shi aka ara wa ɗan majalisar da ke tattaro 'yan jam'iyya.

A waɗannan wurare ba ni da ƙorafi. Ƙungiyar da aka casa za ta yi wanka ta koma gida. Damuwata tana inda kalmar wasa take ci gaba da rufe jini na gaske. A ƙarshen shekarun 1960 da cikin 1970, gungun samari fararen fata a Landan da wasu biranen suka riƙa farautar 'yan asalin Pakistan da Bangladesh da Indiya a titi. Suka haɗa sunan rainin da suke kiran mutanen da kalmar “bashing”, wato jibga, abin ya fito kamar sunan wani wasan ƙarshen mako. A Ireland ta Arewa ƙungiyoyi masu makamai suna karya wa matasa gaɓoɓi da sanduna, ana kiran abin “punishment beating”, dukan horo, sunan da ya riga ya yanke cewa wanda aka doka mai laifi ne. 'Yan sandan Amurka suna da “third degree”, mataki na uku, sunan dukan da akan yi a da wa wanda ake tuhuma har ya amsa laifi, wanda wani kwamitin gwamnatin tarayya ya tona yawansa a 1931. Wajen 2005 kuma yaran Birtaniya suka fito da “happy slapping”, marin nishaɗi: a auka wa baƙo a ɗauka da wayar hannu, kuma an rasa rayuka a irin wannan nishaɗi.

Waɗanda suka yi yaƙi da dukan yara da mata sun gane cewa sai sun fara da kalma. A 1962 wani likitan yara a Amurka, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan yaran da ake kawowa asibiti da karaya iri-iri ana cewa faɗuwa suka yi. Suka zaɓi kalmar “battered”, wadda ake faɗa wa ƙofar da aka ɓalle ko motar da ta ragargaje, kalmar da ba wanda zai iya liƙa mata “mai kyau”. Cikin 'yan shekaru jihohin Amurka suka kafa dokokin da suka wajabta wa likitoci kai rahoto. A 1971 aka buɗe gidan fakewar mata a Chiswick da ke yammacin Landan, kalmar ta koma kan matan aure, jikokin matar badukun nan da aka ce magani ake ba ta.

Gardamar ba ta ƙare ba, ta dai taƙaita a kan ƙaramar kalma guda, “smack”, ɗan marin da uwa take yi wa yaro a hannu ko a cinya. Suwidin ta haramta wa iyaye dukan 'ya'ya tun 1979. Sikotilan ta bi sahu a 2020, Wales a 2022. A Ingila kuwa dokar yara ta 2004 ta bar wa iyaye kariyar abin da ta kira horo daidai misali, muddin bai bar rauni ba. In ka saurari muhawarar a rediyo za ka gane ɓangaren kowa tun kafin ya gama jimlar farko. Masu son a bar wa iyaye 'yancinsu “smack” suke cewa, wani lokaci ma “tap”, ɗan taɓi. Masu son a hana kuwa sun ƙi taɓa waɗannan kalmomi, “hit” suke cewa, wadda ake faɗa in babba ya doki babba a bakin titi har 'yan sanda su zo.